Bindigar harbin nesa da kuɗi ƙayyadadde: tambayoyin masu sha'awar harbin allo a Maraɗi

Waɗannan amsoshi na mai son harbin allo ne a matsayin wasa, da mafaraucin da ke bin doka. Mafi yawan masu tambaya suna farawa da sunan bindiga, alhali bindigar ba ta kai rabin abin da za a kashe ba. Takardu, harsashin da za a riƙa samu, madubin saiti da filin harbi su ne ke cin kuɗi, su ne kuma ke yanke hukuncin irin bindigar da ta dace da mutum.

Ina da kuɗina a hannu. Da me zan fara?

Da takarda. A Nijar farar hula ba ya riƙe bindiga sai da izinin hukuma, kuma maganar tana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Ka je komisariya ko ofishin gwamna ka tambayi abu uku kafin ka ba kowa ko dala: shin ana ba da izini a wannan lokaci, wane girman harsashi aka yarda farar hula ya riƙe, kuma ta wace hanya ake shigo da bindiga da harsashi har su fita daga hannun duwan. Amsar tambaya ta biyu ita kaɗai tana iya rushe duk tsarin da ka yi, domin ƙasashe da yawa suna ware girman harsashin da ya yi kama da na soja su hana shi.

Izinin riƙe bindiga daban yake da izinin farauta. Farauta tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, kuma ma'aikatan kula da ruwa da daji ne ke da hurumi a kanta.

Wani ya ce zai kawo min ta kan iyaka a rabin kuɗi, takarda daga baya. Me kuka gani?

Kada ka taɓa ta. Bindigar da ta shigo ta bayan fage ba a wanke ta da takarda daga baya, kuma ba ka san abin da aka aikata da ita ba kafin ta zo hannunka. Kowa ya san halin da yankunan Madarunfa da Gidan Runji suka shiga saboda 'yan bindiga, ya san kuma yawan shingayen bincike a hanyar Ɗan Isa. Wanda aka kama da irin wannan makami ba za a ɗauke shi ɗan wasa ba. Tun 1994 ƙasar nan ke da hukuma ta musamman mai tattara haramtattun makamai. In wata tsohuwar bindiga ta faɗo maka ta gado babu takarda, ka sanar da jandarma ka bi abin da suka ce.

To yaya zan raba kuɗin?

Ka fara cire kuɗin takardu, kuɗin duwan, da na akwatin ƙarfe mai makulli. Abin da ya rage shi ake rabawa. Rabon da muke ganin ya fi amfani: kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na bindiga, kashi 30 na madubin saiti da zobbansa, kashi 20 na harsashin watannin farko, sauran na 'yan ƙafafun da ake kafa ta a kai, jakar yashi, abin toshe kunne, kayan goge bututu da na'urar auna nisa.

A ce bayan takardu jika 1,500 suka rage, wato miliyan ɗaya da rabi. Bindigar kada ta wuce jika 600. Madubi da zobba su ci jika 450, harsashi jika 300, sauran kaya jika 150. Wannan lissafi ne na rabo kawai, farashi sai ka tambayi dillali mai lasisi. Abu ɗaya da zai sauƙaƙa maka: sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, don haka kayan yuro 1,000 kusan jika 656 ne kafin kuɗin dako da haraji, waɗanda kan ɗaga farashin sosai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba kashi 80 a bindiga, a ɗora mata madubin arha, a sayi kwalin harsashi biyu. Bayan mako uku harsashi ya ƙare, madubi ya ƙi riƙe saiti, bindiga mai tsada ta koma ajiya.

Wane nisa ake kira nesa?

Ya danganta da harsashi. Ga ƙaramin .22 LR, mita 200 nesa ce ta gaske. Ga .308 Winchester, ana fara maganar nesa daga mita 500 ko 600. Dalili shi ne faɗuwar kan harsashi. In ka daidaita .308 mai nauyin giram 11 a mita 100, a mita 600 zai sauka kusan mita 3 ƙasa da inda ka auna, a mita 1,000 kuwa fiye da mita 10. Iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa za ta ture shi kusan mita guda a mita 600.

Don haka ka tambayi kanka tsakani da Allah: ina filin da aka yarda maka ka yi harbi, kuma tsawonsa nawa? In iyakarsa mita 100 ko 200, sayen bindigar mita 1,000 asarar kuɗi ce.

Wane girman harsashi ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi?

Wanda za ka riƙa samu ta halal duk wata, a kuɗin da ba zai sa ka ji tsoron harba shi ba. Wannan ya fi duk wani lissafin gudu da nauyi.

.22 LR shi ne muke ba mafi yawan masu tambaya shawara a kai, kuma ba don raina su ba. Tun 1887 ake ƙera shi, ya fi kowane harsashi arha, ba ya shuri a kafaɗa, kuma bututunsa yana ɗaukar dubban goma na harbi bai gaji ba. Kan harsashinsa giram 2.6 ne, yana fita da gudun wajen mita 320 zuwa 330 a daƙiƙa. In ka daidaita shi a mita 50, a mita 100 zai sauka wajen santimita 20, iskar kilomita 16 a awa kuma ta kai shi gefe fiye da santimita 10. Ma'ana, a mita 150 zuwa 200 yana tilasta maka koyon duk abin da mai .308 ke koya a mita 600 zuwa 800: karanta iska, murɗa madubi, riƙe numfashi. Ka nemi mai gudun da bai kai na sauti ba. Wanda aka rubuta masa gudu mai yawa yana fita sama da gudun sauti, ya faɗo ƙasa da shi a tsakiyar hanya, kuma galibi ba ya taruwa a allo kamar na farkon. Da .22 LR ake gasar mita 50 a wasannin Olamfik.

.308 Winchester, wanda ya fito a 1952, shi ne na gaba in doka ta yarda. Kamfanoni da yawa ke yin sa a Turai da Amurka, bututunsa kan kai harbi 5,000 ko fiye kafin daidaito ya fara raguwa, shurinsa matsakaici ne. Sai dai ɗan'uwan 7.62x51 na soja ne, shi ya sa muka ce a tambaya tun farko.

6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007, ya fi .308 a takarda: ba ya faɗuwa sosai, iska ba ta ture shi kamar wancan, shurinsa ya fi sauƙi. Amma bututunsa yana gajiya da wuri, wajen harbi 2,000 zuwa 3,000, kuma in dillalinka bai iya kawo shi a kai a kai ba, duk fifikon ya tashi a banza.

.223 Remington yana da kyau har mita 500 ko 600 da kan harsashi mai nauyi. A kula: ba a sa 5.56 na soja a bindigar da aka rubuta mata .223 kaɗai, domin matsin cikin ɗaki yana iya wuce abin da aka gina ta a kai.

.300 Winchester Magnum da makamantansa ka bar su. Tsada, shuri mai sa mutum rufe ido kafin ya ja kunama, da bututun da ke ƙonewa da wuri.

Bindigar iska fa? Ba ta yara ba ce?

A'a. Gasar mita 10 ta Olamfik da bindigar iska ake yi, dalmarta milimita 4.5, kuma tsakiyar allon ɗigo ne mai faɗin rabin milimita. Mai kyau ta milimita 5.5, irin mai tankin iska, tana aiki sosai har mita 50 da ɗan fiye. Ana cika tankin da famfon hannu na musamman zuwa matsin da aka rubuta a jikinta, galibi wajen bar 200. Abu biyu ke kawo haɗari: barin ta cike a cikin mota da rana tsaka a watan Afrilu, domin zafi yana ƙara matsi, da kuma cika ta da iskar oksijin ta masu walda ko ta likita. Wannan na biyun yana tarwatsa tanki ya kashe mutum. Ita ma ka tambayi matsayinta a doka kafin ka saya.

Wace irin bindiga, kuma me zan duba a jikinta?

Mai sakata, wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi. A kuɗi ɗaya ta fi mai sarrafa kanta daidaito, sassanta kaɗan ne, ƙura ba ta cika tsayar da ita ba. Daga cikin waɗanda suka yi suna a matsakaicin farashi akwai Tikka T3x ta Finlan, Bergara B-14 ta Sifen, Howa 1500 ta Japan, da Ruger American da Savage na Amurka. A .22 LR, CZ 457 ta ƙasar Cek ta zama abin kwatance. Remington 700, wadda ake yi tun 1962, ta fi kowace samun kayan canji. Kowace daga cikinsu za ta fi hannun sabon maharbi daidaito na tsawon shekaru.

Bututu shi ne zuciyar aikin. Ka zaɓi mai kauri ko matsakaici, domin siriri na farauta yana zafi bayan harbi uku ko huɗu sai huji ya fara tafiya gefe. Tsawon santimita 51 zuwa 61 ya wadatar. Duk inci ɗaya da aka rage yana rage gudu da mita 6 zuwa 8 kawai a daƙiƙa, don haka dogon bututu ba abin a biya ƙarin kuɗi ba ne. Bututun ya kasance bai taɓa ƙota ba daga gaban ɗakin harsashi har baki. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka zura takarda tsakanin bututu da ƙota, ta wuce ba ta maƙale ba.

Sai murɗin tsagin da ke cikin bututu, wanda ke juya kan harsashi don ya tafi a miƙe. Ana rubuta shi kamar 1:10, wato juyi ɗaya a inci 10. Harsashi mai tsawo yana son murɗi mai sauri. .308 yana son 1:10 zuwa 1:12, 6.5 Creedmoor 1:8, .22 LR 1:16. A .223 ne aka fi yin kuskure: bututun 1:12 na harsashin giram 3.6 ne, in ka sa masa na giram 5 zai isa allo a kaikaice, huji ya fito dogo maimakon zagaye. Mai son nesa da .223 ya nemi 1:8.

Kunama ta saki a nauyin kilo 1 zuwa 1.5, a tsabtace, ba ja-ja. In ta fi haka nauyi, yatsa yana janye bakin bindiga. Kada ka bar kowa ya goge ƙarfenta da zarto don ta yi laushi. Kunamar da aka yi wa haka tana iya tashi da kanta in an rufe sakata da ƙarfi ko bindiga ta faɗi.

Ƙotar katako ko ta roba?

A nan ƙasar, ta roba mai ƙarfi ko mai ƙashin alminiyam a ciki. Katako yana shan danshi daga Yuni zuwa Satumba ya kumbura, ya bushe ƙayau da hunturu ya tsuke, kamar yadda ƙyauren katako ke ƙin rufuwa da damina. Kowane motsi yana canza yadda ƙarfe ke zaune a ciki, saitin da ka yi a watan Agusta ya ɓace a Janairu. Roba mai arha ma tana da nata aibi: gabanta yana lanƙwasa in an kafa 'yan ƙafafu har ya taɓa bututu. Ka matsa gaban ƙotar da hannu a shago, in ta taɓa bututu cikin sauƙi ka nemi wata. In akwai wurin ɗora kumatu mai ɗagawa, ya cancanci ƙarin kuɗi, domin ido ya riƙa sauka wuri ɗaya a bayan madubi.

An rubuta wa bindiga "1 MOA". Me ake nufi?

Awon kusurwa ne. MOA ɗaya kusan santimita 2.9 ne a mita 100, 5.8 a mita 200, wajen 17 a mita 600. Bindigar da aka yi wa alkawarin MOA ɗaya tana nufin hujin harbinta ya taru cikin da'irar santimita 3 a mita 100. Kamfanoni da dama da harbi uku suke gwadawa, da harsashi mafi kyau. Harbi uku sa'a tana shiga ciki. Kai ka gwada da harbi biyar, sau huɗu ko biyar, ka ɗauki matsakaici. In matsakaicin ya tsaya tsakanin santimita 3 da 4, kana da bindiga mai kyau, sauran aiki naka ne da na iska.

Ɗaya awon shi ne mil: mil ɗaya santimita 10 ne a mita 100, kuma kowane ƙas na mamurɗin madubi, wato kashi ɗaya cikin goma na mil, santimita 1 ne a mita 100. Tun da mu da mita muke awo, mil ya fi mana sauƙin lissafi nesa ba kusa ba.

Me ya sa madubi zai ci kusan kuɗin bindiga?

Domin a harbin nesa kullum murɗa shi ake yi. Mai harbin mita 100 yana daidaitawa sau ɗaya ya bari. Mai nesa yana ɗaga mil 5 don mita 600, ya dawo sifili, ya sake ɗagawa, sau da dama a yini. A cikin madubi mai arha ƙananan sassan da ke wannan motsi ba daidai suke ba: ka murɗa ƙas 50 ya motsa na 46, ko ka dawo sifili ya sauka wani wuri. Ba za ka taɓa sanin ko kai ne ka kuskure ko shi ba, kuma wannan shi ke kashe koyo.

Girman kusantarwa ba shi ne abin nema ba. Mai kusantarwa ninki 4 zuwa 16 ko 5 zuwa 25 ya ishi kowa. Da zafin Maraɗi, daga ƙarfe goma na safe ƙasa tana fara tururi, allo ya riƙa rawa a cikin madubi, kuma duk yadda ka ƙara kusantarwa rawar ƙaruwa take. Sau da yawa za ka tsinci kanka a 12 ko 14 ko da madubin ya kai 25.

Abubuwan da za ka tabbatar: zanen cikin madubi da mamurɗi su zama awo ɗaya, mil da mil, kada ɗaya mil ɗaya MOA. Zanen ya zama irin wanda ke girma tare da hoto in an ƙara kusantarwa, wanda ake rubuta wa FFP, domin awonsa daidai yake a kowane mataki. Ya zama yana da mamurɗin gefe na daidaita nisa, kuma in don .22 LR ne ya iya sauka har mita 25 ko ƙasa. In wannan bai daidaita ba, ɗan motsin kai yana kawar da zanen daga kan allo ba tare da bindiga ta motsa ba. Bututun madubi na milimita 30 ko 34 yana ba da filin ɗagawa mai yawa. Tazarar ido ta kai santimita 8 zuwa 10, don kada shuri ya tsaga maka gira.

A kula da jabu. Madubin da ke ɗauke da sunan babban kamfani a kashi ɗaya cikin biyar na farashinsa jabu ne, komai kyawun kwalinsa.

Yaya zan gane madubina yana murɗawa daidai?

Ka kafa dogon kwali a mita 100 cif, ka ja layi a tsaye da igiya mai nauyi a ƙasa don ya miƙe sosai. Ka yi ɗigo a ƙasan layin, ka harba uku. Ka ɗaga mil 5, ka sake auna ɗigon nan dai, ka harba uku. Tarin na biyu ya kamata ya hau santimita 50 a kan layin. In ya hau 47, madubin yana da ragi, ka rubuta ka riƙa lissafi da shi. In ya karkace daga layin, madubin a karkace aka ɗaura shi. Ka dawo sifili ka harba uku: in ba su koma wurin farko ba, ka mayar da shi tun garanti bai ƙare ba.

Zobba da ɗauri fa?

Nan ne ake yin tsimin da ke jawo asara. Zobba masu laushi suna barin madubi ya zame kaɗan-kaɗan da kowane shuri. Ka sayi na ƙarfe ko alminiyam mai kyau, da dogon mazauni guda ɗaya. Mai son wuce mita 600, ko mai .22 LR da ke son mita 200, ya nemi mazauni mai gangaren MOA 20, wanda ke ƙara wa madubi filin ɗagawa.

Notin saman zobe ana ɗaure su da ƙarfi kaɗan, wajen 1.7 zuwa 2 a awon ƙarfin ɗauri da ake kira Nm, sai in kamfanin ya faɗi wani adadi. Ka sayi makullin ɗauri mai awo. Mai ɗaurewa da ƙarfin hannu yakan matse bututun madubi har mamurɗi ya daina aiki daidai, sannan ya ɗora laifi a kan madubin. Ka ɗaure notin a gicciye, kaɗan-kaɗan, har tazarar ɓangarorin biyu ta zo ɗaya.

Na'urar auna nisa dole ce?

In filinka yana da nisan da aka auna aka kafa alama, za ka iya jinkirta ta. In babu, dole ce. Ido ba ya iya raba mita 600 da 625 a fili mai shimfiɗe, kuma wannan tazarar ta mita 25 tana sauke .308 da kusan santimita 20.

Bindiga ta hannu fa, ba za ta rage min kuɗi ba?

Za ta rage, da sharaɗi: lambar da ke jikin ƙarfe ta yi daidai da ta takardar mai ita, babu alamar an goge ko an sake bugawa, kuma a sauya suna a gaban hukuma. Bayan wannan sai duba lafiya. Ka cire sakata ka haska cikin bututu. Farkon tsagin da ke gaban ɗakin harsashi shi ke fara ƙonewa, in ya shafe ko ya yi tsattsage, bututun ya kusa ƙarewa. Ka duba bakin bututu, ɗan lotsawa a nan yana watsa harbi. Ramukan tsatsa a ciki alama ce ta an harba tsohon harsashi mai gishiri ba a wanke ba. Ka nemi tambarin gwajin matsi da ake buga wa bindigogin Turai. Ka ɗana ta babu harsashi, ka buga gindinta a ƙasa a hankali, kunama kada ta saki. In mai ita ya ƙi a gwada ta a allo, ka haƙura da ita.

Ƙirar maƙeran gida ba ta cikin wannan magana. Adaka da sauran bindigogin toka suna da tarihinsu a wurin mafarautanmu, amma bututunsu ba shi da tsagi, ba a kuma gwada ƙarfensu da matsin harsashin zamani ba. Sa musu irin wannan harsashi yana raba mutum da yatsu ko ido.

Zan iya farauta da ita daga nesa?

Muna hana wannan da gaske. Allo ba ya motsi, ba ya jin ciwo. Dabba tana iya ɗaga ƙafa a cikin daƙiƙar da harsashi ke tafiya, sai a same ta a ciki ko a cinya ta gudu ta mutu a wahale, naman ma bai halatta ba tun da ba a kai ga yanka ba kuma ba a same ta ba. Mafarauci mai izini ya tsaya a nisan da yake iya sa harbi goma cikin goma a da'irar tafin hannu, wanda ga yawancin mutane bai wuce mita 150 zuwa 200 ba. A kiyaye lokacin buɗe farauta da jerin dabbobin da aka hana. Gandun Gadabeji da ke yankin Dakwaro a killace yake tun 1955, UNESCO ta sa shi cikin jerinta a 2017, kuma a 2018 aka kai masa raƙuman dawa daga Kure. Ba wurin bindiga ba ne.

Da halin da ake ciki, ba za ta yi min tsaron gida ba?

Ba a yi ta don haka ba. Nauyinta da madubi kilo 5 zuwa 6 ne, ba ta da amfani a kusa ko cikin duhu, kuma harsashinta yana iya ratsa ƙyaure da bango ya sami maƙwabci. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ta jawo maka ɓarayin da ke neman ta. Kada ka sa hotonta a Facebook ko WhatsApp, kada ka yi hirarta a fada. Maganar tsaro a kai ta ga jandarma da 'yan sanda.

A ina zan yi harbi?

A wurin da hukuma ta amince a rubuce, mai tudun ƙasa a bayan allo wanda ya fi allon tsawo da faɗi sosai. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, kuma babu dajin da babu mutum: makiyayi, mai itace, yaran da ke kiwo, mai gona a bayan gero. .22 LR da ake rainawa yana tafiya kilomita ɗaya da rabi, .308 yana wuce kilomita 4. Harsashin da ya bugi busasshiyar ƙasa ko dutse yana tashi ya canza hanya. Ba a harbi a kan ruwa, ba a harbi sama a biki. Ka toshe kunne kowane lokaci, domin ƙarar .308 ta wuce abin da kunne ke jurewa ko sau ɗaya, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Zafi da ƙura suna canza wani abu?

Suna canzawa sosai. Albarushi mai zafi yana ƙonewa da sauri, gudu ya ƙaru, huji ya hau sama, matsi ma ya ƙaru. Harsashin da aka bari a rana a watan Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba zai sauka inda na sanyin Disamba ya sauka ba. Ka ajiye kwalin a inuwa, kada ka bar harsashi ya daɗe a cikin bututu mai zafi kafin ka harba. In sakata ta yi tauri wajen buɗewa, ka tsaya, alamar matsi ya yi yawa ce. Ka riƙe ɗan littafi: rana, zafi, iska, nisa, lambar kwalin harsashi, ƙas nawa ka murɗa. In ka sami irin da bindigarka ke so, ka sayi abin da izininka ya ba ka daga kwali mai lamba ɗaya, domin lamba daban tana iya sauya saiti.

Da hunturu man shafawa kaɗan ake sa wa bindiga. Mai da yawa yana kama ƙura ya zama abin da ke cin ƙarfe. Ka shafa ɗan kaɗan a bayan haƙoran sakata, ka goge sauran. Gilashin madubi a fara hure shi ko a share da burushi mai laushi kafin a sa ƙyalle, in ba haka ba yashi zai karce shi. Da damina kuma tsatsa ce abokiyar gaba: ka shafa mai a cikin bututu bayan harbi, ka goge shi tas kafin harbi na gaba. Sandar gogewa ta shiga daga baya, ta wajen sakata, don kada ta ci bakin bututu.

Yaya zan ajiye ta a gida mai yara?

A akwatin ƙarfe da aka kafe a bango ko a ƙasa, babu harsashi a cikinta. Ka cire sakata ka kulle ta a wani wuri, harsashi ma a nasa akwatin, a ɗaki mai sanyi nesa da rufin kwano da madafa. Makulli a jikinka, kada ya zauna a ƙarƙashin katifa ko saman ƙyaure. Kada ka bar ta cikin jakar soso da damina, domin soso yana riƙe danshi. Ka ajiye kwafin takardu da lambar bindigar a wani wuri daban, don in an sace ta ka kai rahoto ranar da abin ya faru. In za ka fita da ita zuwa fili, ta tafi a kulle cikin akwatinta, babu harsashi, takardun asali suna tare da kai.